Wa ke rubuta sunan ɗan bayan Geskeru?

Ranar 31 ga Janairun 2023, a birnin Oran, Aljeriya ta zura wa Mena ta Nijar ƙwallo biyar ba ko ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe na gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke bugawa a gida kaɗai suka shiga. Abin da ya ƙara wa kashin ciwo shi ne yadda aka iso wurin. Yaran koci Harouna Doula sun buga wasa uku ba wanda ya leƙa ragarsu: canjaras babu ci da Kwango, ɗaya da nema a kan Kamaru, biyu da nema a kan Gana. Daga Yamai har Difa an fara cewa bana Allah ya ba mu katanga. A dare ɗaya katangar ta zube, tun kafin a tafi hutun rabin lokaci ma an san inda wasan ya dosa.

Wanda ya daɗe yana bin ƙwallon Nijar bai ga baƙon abu ba a daren. A wasannin neman gurbin kofin duniya na 2022, Mena ta ci ƙwallo 13 a wasa shida, abin da ba a saba gani ba, amma an zura mata 17. Aljeriya ta yi mata 6 da 1 a Blida ranar 8 ga Oktoban 2021, alhali da ci ɗaya kacal aka tafi hutu, bayan kwana huɗu kuma ta biyo ta har Yamai ta ƙara mata huɗu. Akwai wani lissafin da ya fi waɗannan tayar da hankali. Jibuti, wadda ta zo ta ƙarshe a rukunin ba ta da maki ko ɗaya, ƙwallo huɗu ta ci gaba ɗaya, kuma duk huɗun a ragar Nijar suka faɗa. Aljeriya da Burkina Faso sun buga da ita sau biyu-biyu ba ta taɓa ragarsu ba.

Haka abin yake a ƙungiyoyi. US Gendarmerie Nationale ta kai matakin rukuni a kofin Confederation na Afirka a kakar 2021/22, ta faɗa rukuni ɗaya da RS Berkane ta Maroko, da ASEC Mimosas ta Abijan, da Simba ta Tanzaniya. Tana da Victorien Adebayor a gaba, yaron da ya hana masu tsaron baya barci. Ta je Berkane ta ci uku a gidan mutane, abin da ya isa a dawo da maki, amma an zura mata biyar. A Darussalam an tafi hutu babu ci, aka dawo Simba ta yi mata huɗu.

Ba 'yan gaba muka rasa ba. Ƙasar da ta haifi Moussa Maazou, wanda ya tashi daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam, daga can CSKA ta Mosko ta saye shi da miliyoyin Yuro a 2009, ba za a ce ba ta san mai cin ƙwallo ba. Ciwon yana baya, kuma yana tashi ne a lokuta sanannu: a waje, bayan hutu, da sa'ad da aka haɗu da ƙungiyar da ke gudu minti casa'in ba ta gaji ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin ƙarfafa zuciya shi ne ciwon yana jin magani. Badou Zaki, tsohon golan Maroko kuma gwarzon Afirka na 1986, ya karɓi Mena a ƙarshen 2023. A wasannin neman gurbin kofin Afirka na 2025 ƙwallo shida kawai aka ci Nijar a wasa shida. Ta lallasa Sudan huɗu da nema, ta je Akara ta doke Gana 2 da 1, inda ɗan baya Oumar Sako ya ci ta ƙarshe, Mohammed Kudus kuma ya ɓarar da fenariti ana dab da tashi. Maki ɗaya ne ya raba ta da gurbi: Sudan takwas, Nijar bakwai. Daga 17 zuwa shida, wannan aikin mai horarwa ne. Amma mai horarwa da abin da aka kawo masa yake aiki. Tambayar ita ce daga ina ake kawowa, kuma wa ke zaɓe.

Yadda masu lissafi ke sayen 'yan wasa

A gidajen kallo na Difa, inda ake cika maƙil ranar da Chelsea ko Real Madrid ko Barcelona ke wasa, kowa ya san Moisés Caicedo. Ba kowa ne ya tsaya ya duba cinikinsa ba. Brighton ta ɗauko shi daga Independiente del Valle ta Ekwado a farkon 2021 a kan kuɗin da bai kai fam miliyan biyar ba, ta sayar wa Chelsea a Agustan 2023 a kan fam miliyan 115. Mai Brighton, Tony Bloom, mutum ne da ya yi arzikinsa da ƙididdiga, kuma da ita yake cefanen 'yan wasa. Haka abokin hamayyarsa Matthew Benham, wanda ya hau da Brentford babbar gasar Ingila a 2021 bayan shekara 74 ba ta cikinta. Ɗaya daga ginshiƙan bayan Brentford ɗin, Ethan Pinnock, ya yi shekaru yana bugawa a Dulwich Hamlet, ƙaramar ƙungiya can ƙasa da gasannin ƙwararru, babu babbar ƙungiyar da ta waiwaye shi.

Benham ɗin nan ya sayi mafi yawan hannun jarin FC Midtjylland ta Denmak a 2014, shekara na zagayowa ta ɗauki kofin ƙasar karon farko a tarihinta, kuma kaso mai yawa na ƙwallayenta daga bugun kwana da bugun tazara suka fito, domin lissafi ya nuna musu nan ne araha take. Labarin ya shafe mu kai tsaye. Midtjylland ta daɗe da ƙulla hulɗa da FC Ebedei ta Churchill Oliseh a kudancin Najeriya. Ta wannan ƙofa Paul Onuachu ya shiga Turai, shi ne ya ci ƙwallon da aka doke Manchester United 2 da 1 a Fabrairun 2016. Ta nan Frank Onyeka ya bi, har ya isa Brentford a 2021. Kudus ɗin da ya ɓarar da fenariti a gaban Mena yaron Nima ne, unguwar Akara da Hausa ke tashi a kowane lungu. Makarantar Right to Dream ce ta rene shi, ta miƙa shi Nordsjælland, daga can Ajax.

Yadda aikin ke tafiya ba sihiri ba ne. Ana ɗaukar wasa a bidiyo. Wasu ma'aikata su zauna gaban kwamfuta su rubuta kowane motsi: wa ya ba wa, daga ina zuwa ina, wa ya ƙwace, wa ya yi tsalle ya ci ƙwallon sama, wa aka wuce. A tara wannan a rumbu irin na Wyscout, wanda aka kafa a Italiya a 2004, kamfanin Hudl na Amurka ya saye shi a 2019. Ƙungiya mai neman ɗan baya mai ƙafar hagu, ɗan ƙasa da shekara 23, wanda ba a cika cin sa a sama ba, sai ta tace dubban sunaye su koma ashirin. Sa'an nan ne ake tura mai duba 'yan wasa ya je ya gani da idonsa, ya tambayi halin yaro. Leicester ta ɗauko N'Golo Kanté daga Caen a 2015 bayan alƙaluman ƙwace ƙwallonsa a Faransa sun ja hankali. A kakar da suka ɗauki kofi babu wanda ya kai shi ƙwace da tare hanya a duk gasar.

Sai dai a kula, ɗan baya ne ya fi wuyar aunawa. Ɗan gaba ana ƙirga abin da ya yi, ɗan baya kuwa mafi kyawun aikinsa shi ne abin da ya hana faruwa. Wanda ya tsaya inda ya dace ba ya bukatar zamiya, wanda kullum yake ƙasa yana share ƙafafu sau da yawa makara ya yi. Ana ruwaito cewa raguwar yawan ƙwacen Jaap Stam na cikin abin da ya sa Alex Ferguson na Manchester United ya sayar da shi ga Lazio a 2001, kuma Ferguson da bakinsa ya amsa daga baya cewa sayarwar kuskure ce. Masana biyu, Chris Anderson da David Sally, a littafinsu The Numbers Game na 2013, sun kafa hujja da alƙaluma cewa a ƙwallon ƙafa raunin mafi rauni a cikin sha ɗaya ya fi tasiri a kan sakamako fiye da gwanintar gwani, kuma tashi wasa ba a ci ka ba ya fi cin ƙwallo ɗaya kawo maki. Liverpool ta yi aiki da irin wannan tunani: ta biya fam miliyan 75 a kan Virgil van Dijk a Janairun 2018, ta ƙaro gola Alisson, ƙwallayen da ake cin ta a gasa suka sauko daga 38 zuwa 22. Tarihinmu ma ya shaida. Sau biyu Mena ta je kofin Afirka, 2012 da 2013, wasa shida, maki ɗaya tak ta samo, kuma daga canjaras babu ci da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ya fito, ranar da Kassaly Daouda ya tsare gida.

Inda idon kwamfuta bai kai ba

Yanzu a ɗauki duk wannan a kawo shi bakin Komadugu. Geskeru ƙaramar hukuma ce ta karkara a gabas da garin Difa, kogin ne ya raba ta da jihar Borno. Ƙasar jan tattasai ce, wanda ya riƙe gidaje masu yawa a kwarin nan shekara da shekaru, ana loda shi zuwa kasuwannin Najeriya. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Difa ranar 6 ga Fabrairun 2015 rayuwa ta juya. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawa babur, an taƙaita cinikin tattasai da kifi na tsawon lokaci. Ƙauyukan bakin ruwa da yawa sun watse, mutane suka koma gefen babbar hanya ta ɗaya, a wurare irin su Kinjandi da Ngagam da Garin Wanzam. Kan wannan kuma kogin ya yi ambaliya a 2019 da 2022, ya cinye gonaki da gidaje.

Yaron da yake ɗan shekara bakwai a 2015 yanzu saurayi ne, daidai shekarun da ake ɗaukar ɗan wasa. Ya girma a zangon 'yan gudun hijira ko a unguwar bayan gari, yana buga ƙwallo da la'asar a kan rairayi, da takalmi ko babu. A tare da shi akwai Barebari da Fulani da Hausawa da Tubawa da Larabawa, da yaran Damasak da Malam Fatori da rikici ya tsallako da su. Wanda ya san wasa a rairayi ya san abin da yake ginawa: ƙarfin cinya, numfashi, da haƙuri, domin ƙwallo ba ta gudu yadda kake so. Waɗannan su ne kayan ɗan baya. Amma babu rumbun da ke ɗauke da sunansa. Ba a san wasa nawa ya buga ba, ba a san tsayinsa ba, wani ma takardar haihuwarsa ta ƙone ko ruwa ya tafi da ita, wani ba a taɓa yi masa ba.

Ko da labarin wani yaro ya fita daga yankin, na ɗan gaba ne. Shi ake ɗauka a waya yana yanka mutum uku, a tura a WhatsApp, ya zagaya har Damagaram. Babu mai ɗaga waya don ɗan lamba biyar ya karanta wasa ya rufe hanya tun ƙwallo ba ta iso ba. A filin unguwa ma an san yadda rabon yake: gwani ya tafi gaba, wanda bai iya ba a ce koma baya, ƙaramin cikinsu a tura shi gola. Tun daga nan muke zubar da 'yan bayanmu, sa'an nan mu zo muna mamakin abin da ya faru a Blida da Oran.

Ga kuma nisa. Daga Difa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300. Manyan ƙungiyoyin ƙasar kusan duk a Yamai suke, yawancinsu kuma na hukumomi ne: AS FAN ta soja, AS GNN, US Gendarmerie ta jandarmomi, ta 'yan sanda, ta kwastan, Nigelec, SONIDEP, sai tsofaffin gidaje irin su Sahel da Olympic. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kambu a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984, amma shekaru da dama ke nan kofin yana zagaye tsakanin unguwannin babban birni. Ƙungiyar da ke fama da albashi ba za ta biya wa mutum kuɗin mota na kwana biyu don ya je ya duba yaro a Geskeru ba. Don haka ɗaukar ɗan wasa ya koma wa ka sani: wane ya ce yaron wane ya iya, a kira shi gwaji na kwana uku, a sa shi wasa biyu, a yanke hukunci. A irin wannan gwaji mai yanka ne ke haskawa. Ɗan baya sai an gan shi wasa goma a jere kafin a san ko na dogaro ne.

Kada a ce rashin tsaro ya rufe maganar. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta yi shekaru tana karɓar baƙinta a filayen wasu jihohi saboda wannan rikicin dai, ta koma gida, kuma a 2024 ta doke Abia Warriors biyu da nema ta ɗauki kofin ƙalubale na Najeriya, wanda rabonta da shi tun 1992. Maiduguri ta fi Yamai kusa da Difa nesa ba kusa ba. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, wahala ɗaya.

Kuma ba sai mun leƙa waje ba. Kokowar gargajiya ta riga ta nuna ana iyawa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, kowace jiha tana tace 'yan kokowarta daga ƙasa har ta fitar da goma, jihohi takwas su haɗu, kuma masu sharhi a rediyo suna iya faɗa maka wa ya kā da wa a wace shekara. Difa da kanta ta karɓi gasar a ƙarshen 2022. Ɗan kokowar ƙauye yana da tsanin da zai taka har gaban shugaban ƙasa. Ɗan ƙwallon ƙauye ba shi da irinsa, alhali ƙwallo ce ke da kuɗin FIFA.

Littafi, biro da waya ɗaya

Ba ina kira a sayo na'urorin Brighton ba ne. Ƙididdiga daga rubutu take farawa, kuma abin da ake bukata a matakin farko bai fi ƙarfin hukumar ƙwallon jiha ba. A kowace gasar unguwanni ko ta hutun 'yan makaranta, a sa mutum ɗaya ya riƙe littafi: cikakken sunan yaro, ranar haihuwa, garinsu, inda yake tsayawa a fili, ƙafar da ya fi amfani da ita, minti nawa ya buga. Kowace ƙwallo da aka ci a rubuta minti nawa ne, kuma ta ina ta zo: kwana ce, bugun tazara ne, ta sama ce daga gefe, ko kuskuren fitar da ƙwallo ne. Bayan wasa goma mai horarwa zai ga abin da idonsa bai riƙe ba. Idan rabin abin da ake cin sa daga kwana ne, ba sabon ɗan gaba yake bukata ba, dogon ɗan baya yake nema da atisayen tsayuwa. Idan a minti ashirin na ƙarshe ake cin sa, matsalar numfashi ce da rashin na canji. Waya ɗaya a ɗaure a kan doguwar sanda a tsakiyar fili, ta ɗauki wasan gaba ɗaya ba gutsure ba, ta isa a ga yadda yaro ke tsayawa sa'ad da ƙwallo ba ta wurinsa. Jami'ar Difa tana nan tun 2014, da ɗalibai masu iya kwamfuta da za su yi murna da irin wannan aiki.

Rubutun nan kuɗi ne, ba ado ba. Dokar FIFA ta ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa domin ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23: rubu'in kashi ɗaya a kowace shekara daga 12 zuwa 15, rabin kashi a kowace shekara daga 16 zuwa sama. A ƙaddara ƙaramar ƙungiya a Difa ta riƙe yaro daga 12 zuwa 17, wata rana aka sayar da shi Yuro miliyan ɗaya. Rabonta kashi biyu cikin ɗari ne, Yuro 20,000, sama da Sefa miliyan 13, kuma duk sa'ad da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa za ta sake samu. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke bin wannan haƙƙi, amma da rajistar da ke cikin kwamfuta yake aiki. Ƙungiyar da ba ta yi wa yaronta lasisi a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ba, ko sisi ba za ta gani ba, ko da duk gari ya shaida ita ta saya masa takalmin farko.

Takardar haihuwa ma haka. Tun 2009 ake duba ƙashin wuyan hannu da na'ura don tantance shekaru a gasannin 'yan ƙasa da 17, kuma yara da yawa a Afirka sun rasa damarsu a nan. Nijar ta san daɗin matakin 'yan ƙasa da 17: ta fitar da Najeriya a hanyar zuwa gasar Afirka ta 2017, ta je kofin duniya a Indiya, ta doke Koriya ta Arewa ɗaya da nema, ta kai zagaye na biyu. Yaron Geskeru da ba shi da takarda ba zai ko shiga layin gwajin ba. Wannan aikin magajin gari ne da kotu da iyaye, ba na koci ba.

Mutanen Nijar sun fi kowa sanin abin da karatun takarda ke yi a ƙwallo. A Oktoban 2011 Masar ta ci Mena uku da nema, 'yan Afirka ta Kudu kuma suka tashi canjaras da Saliyo suka hau rawa a fili, suna zaton bambancin ƙwallaye ya kai su. Doka kuwa ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon karawa tsakanin masu kunnen dokin ake dubawa. Nijar ce ta tafi kofin Afirka karon farko, da ƙwallo shida a gaba, takwas a baya.

Kira na ga hukumar ƙwallon jihar Difa, da magadan garin Difa da Geskeru da Shetimari da Maine-Sorowa, da FENIFOOT wadda Djibrilla Hima Hamidou ya kai sunanta har majalisar FIFA a Maris na 2025: kafin gasar hutu mai zuwa, a raba littafin rajista ga kowace ƙungiyar unguwa da ta zangon 'yan gudun hijira, a yi wa yaran lasisi, a taimaka wa marasa takardar haihuwa su samu. Ku kuma masu horarwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram, in kakar ta ƙare ku fara ƙirga ƙwallayen da aka ci ku kafin ku shiga kasuwa, sa'an nan ku aiko a tambayi wa ke tsare baya a bakin Komadugu.